Ranar da Nofri Ya Kira Ƙasa

Sunan da aka raɗa masa a coci Onofrio ne, uwarsa ta gutsure shi ya koma Nofri. Amma in ka ƙetaro kogin Arno ka shigo unguwarmu ta San Frediano kana tambayar Nofri, sai bakinka ya bushe ba ka samu mai nuna maka gidan ba. Ka ce Erkole kawai, ko karen unguwa ya san ƙofar.

Ɗan dako ne kamar ubansa. Yana ɗauko ƙunshin ulu jiƙaƙƙe daga bakin kogi ya kai marina, aikin da ke tanƙwara mutum tun bai yi furfura ba. Shi kam sai ma aikin ya gina shi. Wata safiya, yana saurayi, ya lura wani siririn mutum yana biye da shi tun daga gada, ya kafa masa ido a gadon baya. Ya dire kaya ya juyo zai ci kwalarsa, sai mutumin ya ce, “Kada ka juyo, don girman Allah. Sake ɗauka in ga yadda naman nan ya motsa.” Taddeo ke nan mai zane, wanda shagonsa ke bayan babban cocin unguwa.

Lokacin ne attajiran birninmu Firenze suka ga hotunan tsarkaka ba su ishe su ba, kowa yana so a cika masa bangon ɗaki da tatsuniyoyin mutanen da, na Girka da na Rum. Mutanen cikin tatsuniyoyin nan kuwa ba su san tufafi ba. Tsarkaka ka lulluɓe su da mayafi ka huta. Amma Erkole, ƙaton da aka ce ya shaƙe zaki da hannu, sai ka san inda kowace jijiya ta bi a jikinsa. Littafi zai gaya maka abin da ya yi, ba zai nuna maka bayansa ba. Bayan yana wurin Nofri.

Ga yadda aikin yake. Ana shafa wa takarda ƙullun tokar ƙashi a bar ta ta bushe, sannan a yi zane a kanta da tsinken azurfa. Layin azurfa ba ya gogewa. Abin da hannu ya ja ya jawu, don haka in mai tsayuwa ya motsa ana tsakiyar aiki, takarda ta lalace, safiya ta tafi a banza. Kalma biyu ke mulkin shagon. In Taddeo ya ce “Cak!” ka zama dutse. Sai ya ce “Huta” sannan ka koma mutum.

Shekara da shekaru Nofri yana wannan tsayuwa, daga shi sai bante. Ya zama Erkole mai kulki. Ya zama Erkole yana shaƙe zaki, zakin kuwa buhun ƙaiƙayi ne. Ya zama Erkole ɗauke da sama a kafaɗa, saman kuwa kwandon yashi ne. An ce ran nan rina ta harbe shi a fatar ido, idon ya kumbura ya rufe, bai ko girgiza kai ba har aka ce “Huta”. Bai taɓa motsawa ba, bai taɓa roƙon a sassauta masa ba. Ba shi da gona, ba shi da shago, gidan ma na haya ne. Sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka, kuma in za a faɗi gaskiya ya cika mana kunne da shi.

Wanda ya fi kowa shan wuyar bakinsa shi ne Maso maƙeri. A cikin tatsuniyoyin akwai wani ƙato, Anteyo, wanda Erkole ya ɗaga sama ya matse har ya mutu. Taddeo ya taɓa gwada zana wannan, ya sa Nofri ya ɗaga Maso. Ba a kai ko'ina ba Maso ya fara ihu, “Sauke ni! Sauke ni!” yana harbin iska da ƙafa, takarda ta lalace, aka bar aikin. Daga ranar ya zama Maso Sauke-ni. Nofri bai taɓa wuce ƙofar maƙera ba tare da ya leƙa ya rera masa sunan ba, har yaran da ba a haifa ba lokacin suka tashi suka gaje shi.

Ɗansa Bindo ma bai tsira ba. Yana ɗan mitsitsi aka tsayar da shi a kan akwati da ɗan baka a hannu, a matsayin wani yaro mai fukafukai na cikin tatsuniyoyin da ke harbin masoya da kibiya. Ƙuda ya shiga masa hanci, ya yi atishawa. Nofri bai doke shi ba, da ma dukan ne da ya fi sauƙi. Gaba ya yi da yaron, ya daina kallon inda yake, har sai da uwarsa Tessa ta yi barazanar komawa gidansu. Da ya buɗe baki abin da ya ce shi ne, “In an ce cak, ko gobara ta tashi, ko ni na faɗi matacce a gabanka, ba ka motsi.” Bindo bai sake motsawa ba. Ya girma ya zama ƙato mai shiru-shiru, ya ɗara uban tsawo, shi ma ya shiga dako.

A kakar da furfura ta ci rabin gemun Nofri, wani alfadari ya tsorata a kan gada ya matse shi da bango yana ɗauke da kaya. Ya ji wani abu ya ce ƙas a haƙarƙarinsa na hagu. Ya miƙe, ya zagi alfadarin da uwar alfadarin, ya kai kayan marina kamar ba abin da ya faru. Amma daga ranar numfashi ya zama aiki. In ya ja iska da yawa sai ya ji kamar an soka masa basilla, in tari ya zo sai ya nemi lungu. Ban da Tessa babu wanda ya sani.

Ana cikin haka Taddeo ya aiko a kira shi, shi da Bindo.

Suka tarar da baƙo a shagon, Ser Donato, malamin da ke koyar da 'ya'yan wani attajirin siliki. Mutum ne mai kirki, mai yawan bayani. Attajirin yana son hoton Erkole da Anteyo a ɗakin karatunsa, Ser Donato kuma ya zo ya tabbatar an fahimci labarin.

“Shi Anteyo,” in ji Ser Donato, “ɗan Ƙasa ne. Ƙasar nan da muke takawa ita ce uwarsa. Duk wanda ya biyo ta garinsa sai ya tilasta masa kokawa. In ka kayar da shi ka cuci kanka, don da zarar jikinsa ya taɓa uwarsa sai ta mayar masa da ƙarfi ninki. Da Erkole ya gane haka, sai ya ɗaga shi sama ya raba shi da ita. Ma'anar kuwa a fili take. Anteyo kwaɗayin jiki ne, Erkole hankali ne. Ba ka kashe kwaɗayi sai ka raba shi da abin duniya.”

Taddeo yana goge tsinkensa a hannun riga ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ban iya zana kwaɗayi ba. Ban san inda gwiwarsa take ba. Gaya mini shekarun mutanen.”

“Erkole yana kan ganiyarsa. Shi kuwa ƙaton ya daɗe yana kayar da maza, bai taɓa sanin akwai wanda zai fi shi ba.”

Taddeo ya ɗago kai. Bai kalli Nofri a ido ba, cikinsa ya kalla, sannan ya kalli kafaɗun Bindo. Nofri ya gane tun kafin a faɗa, ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

“Bindo ne Erkole,” in ji Taddeo.

“Maigida, yaron bai taɓa riƙe kulki ba.”

“Babu kulki a wannan. Ka ji ni da kyau, Nofri. Erkole a hoton nan baya ne kawai da ƙeya, ko bijimi aka ɗaure zai yi. Fuskar duka ta Anteyo ce. Ina son jikin da ya saba cin nasara, a ranar da ya gane ta ƙare. Da Maso na gwada, ka ga abin da ya faru. In kai ma ba za ka iya ba, faɗa mini yanzu.”

Taddeo ya san inda ake soka wa mutum allura. Nofri ya yi dariya, dariyar ta soke shi a haƙarƙari, ya haɗiye. “Ka shafa takardarka, Maigida. Gobe da safe.”

Washegari Tessa ta fito ta same shi a bayan ƙofa, ya ɗebo shuni daga marina yana shafawa a gefen ƙirjinsa. Wurin da alfadari ya matse ya yi baƙi ya yi kore, faɗinsa ya kai tafin hannu. Kowane ɗan dakon marina jikinsa duk ɗigon shuni ne, ba wanda zai yi tambaya.

“Kwalliya kake yi? Wace bazawara ce ta kira ka?”

“Ki shiga ciki, mata.”

“Nofri, a daidai nan yaron zai ɗaure hannu. Na ga yadda ka yi wa Maso. Gaya wa Taddeo ya jira bayan Kirsimeti.”

“Ya jira, ya je ya nemo wani, gobe a ce Erkole ya tsufa ya ji tsoron ɗan cikinsa? Maso ya samu abin dariya har ya mutu?”

“To gaya wa Bindo ya sassauta.”

“In ya sassauta Taddeo zai gani a damtsensa. Kin san idonsa.”

“Ni zan gaya masa.”

Ya juyo ya kalle ta, kallon da ta sani. Ta ce, “Girman kai rawanin tsiya,” ta shige tana share ido da gefen mayafi. Ta ji tsoro ƙwarai, amma ta daɗe da mutumin, ta san ko ta kwanta a bakin ƙofa tsallake ta zai yi.

A hanya suka tsaya wurin mai tumbi. Bindo ya ci nasa da burodi, Nofri ya ce ba ya jin yunwa. Suna gab da shagon ya kama hannun ɗansa.

“Matse ni da gaske. Ba na son wasan yara.”

“To, Baba.”

“Kuma ka san doka.”

“Na sani.”

Labari ya riga su isa. Marina uku-huɗu sun bar rini sun zo sun toshe ƙofa, hannuwa shuɗi har gwiwa. A gabansu, ya harɗe hannu a kan rigar fatarsa, ga Maso.

“Sannu, Erkole! Ashe yau kai za a goya? In ka ji wuya kada ka ji kunya, kalma biyu ce kawai. In ka manta in tuna maka.”

“Riƙe abinka, Sauke-ni, gadon gidanku ne.”

Aka yi dariya. Nofri ya tuɓe. Taddeo ya dubi shunin da ke ƙirjinsa ya tsuke baki, ya ce marinan nan ba sa barin mutum da fatarsa. Ya buɗe tagar arewa ya tsara su. Bindo zai ba taga baya, ya ɗan tanƙwara gwiwa, ya zagaye haƙarƙarin uban da hannu biyu, kumatunsa manne da ƙirjinsa, fuska a juye gefe. Nofri zai ɗora hannun dama a kan Bindo yana turawa. Hannun hagu za a watsa shi baya, kuma don kada ya gaji ya sauko, aka naɗa masa igiyar da ke rataye daga azara a wuyan hannu.

“Saura baki,” in ji Taddeo. “Ba na son hamma, ba na son kukan jaki. Me mutumin nan yake cewa, Ser Donato?”

Malamin ya ɗan yi tunani. “Littafi bai faɗa ba. Amma wa zai kira in ba uwarsa ba? Tana nan ƙasa da shi taƙi ɗaya, ba ya iya kai wa gare ta.”

“Madalla. Nofri, uwarka za ka kira. Ka ce ‘Ƙasa’, ka ja ƙarshen, ka bar bakin a buɗe. Duk sanda ka ji bakin zai rufe, sake kira. Bindo, ɗaga.”

Ƙafafunsa suka bar daɓe. Tun da aka yaye shi babu mahalukin da ya taɓa ɗaga shi, abin ya zo masa baƙo. Hannuwan Bindo suka rufe a daidai kan shunin.

“Cak!”

Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar tsinke a kan takarda. Ciwon ya zo, amma irin wanda ya sani ne, ya saba da shi tun ranar gada. Ya ja numfashi kaɗan-kaɗan ta saman ƙirji, ya kafa ido a kan wata yanar gizo a azara. Ya buɗe baki ya ce, “Ƙasaaa!” da murya irin ta masu wasan dandali. Marina suka ƙyalƙyale.

“Ƙarya ce,” in ji Taddeo, bai ɗago kai ba. “Bindo, ƙwai ka rungumo? Damtsenka barci yake yi. Matse!”

Bindo ya matse. Nofri ya ga yanar gizon ta rabu biyu ta sake haɗewa. Zufa ta gangaro masa ta bayan kunne. Ya sake kira, wannan karon ba wanda ya yi dariya. A ransa ya ce zai kai. Taddeo da sauri yake aiki in abu ya yi masa, ƙafafu ne farko, sai baya, sai ƙirji, fuska ce ƙarshe. Daga ƙarar tsinken ya san ana kan baya. Ya fara Addu'ar Ubangiji a zuci don ya auna lokaci, ya kai wajen roƙon abincin yini ya manta abin da ke biye.

Nauyin ya fara rinjayar Bindo. Bai motsa ƙafa ba, bai motsa kai ba, ya dai ƙara ƙulle yatsunsa don kada uban ya zame. A nan ne ƙashin da ya tsage ya ƙarasa karyewa.

Nofri bai ji ƙara ba. Ya ji wani abu ya shige ciki inda bai kamata ba, iskar da ya ja ta tsaya a maƙogwaro ta ƙi wucewa. Ya sake ja, babu. Ɗanɗanon ƙarfe ya cika masa baki. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da kogi ya kusa tafiya da shi. Ta wutsiyar ido ya hango Maso a bakin ƙofa. Ya tuna sunan da ya yi shekaru yana ginawa, ya auna shi da numfashi ɗaya, ya ga numfashin ya fi. Ya yanke shawara zai roƙa. Su yi dariya har su gaji.

Ya tattara abin da ya rage masa zai ce, “Bindo, sauke ni ƙasa.” Sunan ya mutu a maƙoshi, “sauke ni” ta bi shi. Kalmar ƙarshe ce kaɗai ta fito, a shaƙe, a karye.

“Ƙasa…”

“Yauwa!” Taddeo ya kusa tashi daga kan kujera. “Ga ta nan! Ita nake nema! Kada ka canza komai!”

Ya tura kan Bindo da hannun dama iya ƙarfinsa, amma turawar ita aka ce ya yi. Ya fizgi hannun hagu, igiya ta riƙe. Ya miƙa yatsun ƙafa yana laluben daɓe, Ser Donato ya raɗa wa na kusa da shi, “Dubi ƙafar, uwarsa take nema,” don abin ya taɓa shi. Duk ƙofar da Nofri ya ƙwanƙwasa an riga an zana ta a cikin labarin.

“Ƙasa… ƙasa…”

“Kai, mutumin nan gwani ne,” in ji wani marini.

A jikin ƙirjinsa ya ji kumatun Bindo ya jiƙe. Ya jira hannuwan yaron su buɗe. Ba su buɗe ba. Tsinke yana ta gudu a kan takarda, hasken taga ya fara ja da baya yana ƙanƙancewa, har ya koma kamar bakin rijiya ga wanda ke ƙasanta.

“Huta.”

Bindo bai jira an kwance igiya ba, ya tsinke ta da hannu ɗaya ya shimfiɗe uban a daɓe. Wani daga ƙofa ya ce, “To, ya taɓa uwarsa, yanzu zai tashi ya cinye mu!” Aka fara dariya, sannan aka ga jini yana bin gefen gemu, dariyar ta mutu. Taddeo ya durƙusa ya goge shunin da tsumma, ya ga abin da ke ƙarƙashi, ya dafe kai. Ser Donato ne ya fita da gudu, riga na tashi, ya kirawo wanzami.

Bai mutu ba. Ya yi hunturu guda a kwance, Tessa tana ba shi romo da cokali tana zaginsa, tana kuka, tana sake zaginsa. Da ya tashi sai ya zama rabin mutumin da muka sani. Dako ya ƙare, tsayuwa ta ƙare. Tafiya kaɗan sai ya jingina da bango yana haki.

Suna kuwa ya ƙaru. Duk San Frediano zancen ɗaya ne, wai da karyayyen haƙarƙari aka ɗaga shi, ƙashi ya huda shi, bai ce uffan ba sai abin da aka sa shi ya faɗa. Maso da kansa ya zo dubiya da kwanon wake, ya zauna a bakin gado yana murza hula.

“Na sallama, Erkole. Ni lafiyata ƙalau na yi ihu. Kai ana kashe ka ba ka roƙa ba. Kira ni duk abin da ka ga dama.”

Nofri ya kalli bango. Yabon ya yi masa ɗaci a baki, amma bai tofar ba.

Abin da ya fi damunsa Bindo ne. Yaron ya ɗauki nauyin gidan, yana fita da sassafe ya dawo ya ajiye abin da ya samo, amma bai ƙara haɗa ido da uban ba. Taddeo ya aiko sau da dama, ya ƙi zuwa. Ko lungun shagon ba ya bi.

Da rani ya shigo, wata ranar Lahadi bayan coci, Nofri ya ce yana son ganin takardar kafin a kai ta gidan attajiri. Bindo ya goya shi, don tazarar ta fi ƙarfinsa. Taddeo ya ɗauko ta da hannu biyu, yana ta ba da haƙuri, yana kuma kasa ɓoye cewa bai taɓa yin zane kamarta ba. Layin azurfar ya fara rinewa ya yi ruwan ƙasa. Ga bayan Bindo, kowace jijiya a wurinta. Ga wani tsoho a sama, baki buɗe, ido a waje. Duk wanda ya shigo shagon ƙato yake gani yana kiran uwarsa. Nofri ya ga kansa yana roƙon ɗansa, kuma ya san layin nan ba ya gogewa.

A hanyar komawa, yana goye, bakinsa kusa da kunnen Bindo, ya yi tambayar da ta daɗe tana cinsa.

“Ran nan, ka ji ni?”

Bindo ya yi taku da yawa kafin ya amsa. “Na ji.”

“Ba kiran da aka sa ni ba. Ɗayan.”

“Na sani, Baba. A hannuna ya karye. Na ji muryarka ta canza.”

“To me ya hana ka?”

“An ce cak. Na ce in na sauke ka a gaban Maso, ka rayu, ba za ka ƙara kallona ba. In ban sauke ka ba, ka mutu, ni na kashe ka. Ina cikin lissafin ne aka ce huta. Har yau ban san wanda na zaɓa ba.”

Nofri ya tuna ɗan mitsitsin yaro a kan akwati da baka a hannu, yana ƙoƙarin danne atishawa. Babu wanda zai ɗora wa laifi, shi ya ƙera hannuwan da suka ƙi buɗewa. Kunya ta kama shi, da tausayin yaron, har ya ji sun fi haƙarƙarin ciwo.

Suka shigo layin maƙera. Ba a aiki ranar Lahadi, don haka Maso da marina da rabin unguwa suna zaune a inuwa suna shan iska. Da suka hango su sai aka fara miƙewa, wani ya ɗaga murya, “Ga Erkole nan! A ba shi hanya!”

Nofri ya jira har suka zo daidai ƙofar. Ya ja numfashi a hankali, ya tara shi sosai, don wannan karon ba ya so ko harafi ɗaya ya ɓace a hanya.

“Sauke ni, Bindo,” ya ce da ƙarfi, yadda har na ƙarshen layi suka ji. “Sauke ni, ɗana, na ji wuya. Ran nan ma abin da nake cewa ke nan.”

Maso ya buɗe baki ya kasa rufewa. Bindo kuwa, tun kafin uban ya kai ƙarshen magana, ya riga ya durƙusa.